Haɗari na Bakwai a Filin Netbol

Hakkin da ke kaina a bayyane yake, kuma ban taɓa musun sa ba. Ranar da matan ƙungiyarmu ta wasan netbol a Malali suka ɗaga hannu suka zaɓe ni sakatariya, sun ɗora mini nauyin duba filin wasa kafin kowace ƙafa ta taka shi, in rubuta duk abin da zai iya ji wa mutum ciwo, in sa hannu, a kai wa hedimastan makarantar firamaren da ya ba mu aron filin. Hakkin da ke kan ƙungiya kuwa ɗaya ne tak, wato ta karanta abin da na rubuta har ƙarshe. Ni na sauke nawa. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda aka yi da nata.

Na yi shekara talatin da biyar a ofishin ajiye fayil na wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, na bar aiki ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba, ko ta makara. Ban faɗi wannan don alfahari ba, na faɗa ne don mai karatu ya san abin da aka taɓa. Wasu sun yi ritaya da gidaje, wasu da gonaki, ni da wannan na fito.

Mu 'yan ƙungiyar duk sa'o'in juna ne, tsofaffin malaman makaranta da nas-nas da akawu, waɗanda suka koyi netbol a makarantun kwana tun gwiwa tana jin magana. Ga wanda bai san wasan ba, mutum bakwai ne a kowane ɓangare, akwai zobe a saman sanda a kowane ƙarshen fili, a ciki ake jefa ƙwallo. Babbar dokarsa ita ce wadda ta cafe ƙwallo ba ta tafiya da ita. Inda ta dira, nan za ta kafe, sai ta miƙa wa wata. A riƙe wannan doka, za a buƙace ta a gaba.

Filin daɓen siminti ne mai laushi, babu irinsa a duk unguwar. Da muka je roƙon aronsa, hedimasta ya yi ta juya makullin ƙofar a hannu kafin ya ce, "Iyayena, ni ban hana ku ba. Amma kada wata ta karye mini a harabar makaranta. Duk ranar wasa a kawo mini takarda mai sa hannu cewa an duba filin." Na ce masa ya samu.

Makon farko na zagaya filin da littafina na fitar da haɗurra shida. Sandar yamma, wadda aka dasa cikin tsohuwar tayar mota da siminti, ta karkata kamar mai gaishe da surukai. Bayanta akwai lambatu a buɗe. Akuyoyin unguwa suna shigowa ta inda katanga ta zube, suna bar mana tsaraba. Sauran ukun a jikinmu suke: awarwaro da 'yan kunne, dogayen farata, da silifas, domin akwai waɗanda suka ɗauka za a iya tsalle da takalmin banɗaki. Kwamiti ya amince da duka shidan, har da tafi. Aka miƙar da sandar, aka rufe lambatun da katako, aka sayi abin yankan farce aka ɗaure shi da zare a jikin littafina don kada ya bi wata gida.

Na bakwai ne ya kawo rigima.

Wata Alhamis da hantsi, a ƙarshen damina, na leƙa makarantar don in ga ko katakon lambatu yana nan. Sai na tarar da filinmu a shimfiɗe da yankakkiyar kuɓewa tun daga wannan zobe har wancan, kai tsaye a kan simintin, ba buhu ba tabarma. A gefe, ƙarƙashin bishiyar dogonyaro, Uwar Ƙungiyarmu ce zaune da 'yar sanda tana korar akuya. Tsohuwar shugabar makaranta ce, mace mai kwarjini da sakin hannu, tana da gona a bakin kogi, kuma ita ke riƙe da makullin ƙofa na biyu, na farko yana hannuna.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Shanya ce, Sakatariya. Ko idon ya fara ne?"

Na ce ko za a shimfiɗa buhu a ƙasa. Ta ce zafin siminti ya fi busarwa, kuma kafin Asabar za ta kwashe ta share, ko ƙwaya ba zan gani ba.

Ta cika alkawari. Ranar Juma'a da yamma filin fes yake. Amma aikin fayil ya koya mini cewa abin da aka share ba lallai ne ya tafi ba. Na zuba ruwan gorata a wani ɗan wuri, na jira kaɗan, na ɗora ƙafa. Ƙafar ta kama hanyar Unguwar Kanawa ba tare da ta yi shawara da ni ba. Ba don na rungume sandar yamma ba, da labarin nan a gadon asibiti zan ba da shi. Yauƙin kuɓewar ya bushe ne a jikin simintin, ido ba ya ganinsa, tsintsiya ba ta ɗauke shi, ruwa kawai yake jira ya tuna ko shi wane ne.

Na rubuta: Haɗari na bakwai, ragowar yauƙin kuɓewa a kan daɓe, mai tashi idan ya sami ruwa.

Da na karanta wannan a taron kwamiti, sai Sista ta fashe da dariya. Sista tsohuwar nas ce, 'yar kudancin Kaduna, doguwa, ita ce mai jefa mana ƙwallo a zobe, kuma ƙawata ce tun muna 'yammata.

Ta ce, "Haba Sakatariya! Kuɓewa? Mako mai zuwa kuma daddawa za ki rubuta mana, ko kuka?"

Na ce, "Idan aka shanya su a filin, zan duba."

Uwar Ƙungiya ba ta yi dariya ba. Ta gyara gyale ta ce, "Yanzu wannan takarda hedimasta zai karanta? Ya ga an rubuta cewa ni, da shekaruna, na mai da filin makaranta wurin shanya?"

Na ce, "Yaya, ban rubuta sunan kowa ba."

Ta ce, "Wa ke da kuɓewa a Malali in ba ni ba?"

Aka ɗaga hannu. Hannu takwas suka ce a soke, nawa kaɗai ya ce a bari. Sai daga baya na fahimci dalili. Babu gida ɗaya a cikin takwas ɗin da bai kaɗa miya da kuɓewar nan ba, domin Uwar Ƙungiya ba ta kwashe shanya ba ta aika wa kowa rabonsa. Wanda ya ci ladan kuturu, an san abin da ke kansa.

Nawa rabon ya iso a yammacin ranar. Ita da kanta ta kawo, mudu guda a cikin leda, ta ce, "Ga haɗarinki nan, ki kaɗa wa Malam." Na yi godiya kamar yadda tarbiyya ta tanada. Da ta fita na ɗaure bakin ledar, na liƙa mata takarda na rubuta Shaida ta Ɗaya, na ɗora a saman kabad, na gargaɗi maigidana cewa kada a taɓa.

Tun da kwamiti ya soke, ba ni da ikon mayar da haɗari na bakwai cikin jerin. Amma abin da ke ƙarƙashin sa hannuna nawa ne. Saboda haka daga ranar, kowace takarda na cika, sai in ƙara layi ɗaya a can ƙasa: Wannan sa hannu yana aiki ne muddin ruwa bai taɓa daɓen ba. Doguwar takardar ofis nake amfani da ita, irin ta da, kuma ban taɓa rubutu ba tare da takardar kabon mai bar mini kwafi a ƙarƙashi ba.

Makonni uku aka yi lafiya, domin ruwan sama ya ɗauke. Sai muka gayyaci matan Unguwar Kanawa wasan sada zumunci, ranar Asabar bayan la'asar, muka kuma gayyaci hedimasta ya zo kallo. A makon ma an yi shanya, an kwashe ranar Juma'a.

Da safe na duba filin, a bushe yake ƙamas. Na cika takarda, na sa hannu, na ƙara layina. Uwar Ƙungiya ta ce in kawo, hanyarta ce, za ta tsaya a shagon hoton takardu ta yi kwafi biyu, ɗaya na hedimasta, ɗaya na baƙi. Na miƙa mata. Da la'asar baƙin suka kira cewa masu keken da suka ɗauko su sun ɓata hanya, na tafi bakin titi in tarbo su.

Minti ashirin na yi. Da na dawo da baƙi a bayana, filin yana ƙyalli kamar goshin amarya.

Duk macen da ta tashi a gidan mutunci ta san ba a shara sai an yayyafa ruwa, kuma ba a tarbar baƙo a kan ƙura. Uwar Ƙungiya ta yi abin da aka koya mana duka tun muna yara. Sai dai ita ba ta iya yin abu kaɗan ba, bokiti huɗu ta sa aka yayyafa.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, ruwa?"

Ta ce, "To a ce matan Malali ƙazamai ne?"

Na ce, "A dakata da wasan nan sai ya bushe."

Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Baƙi suna kallo, Sakatariya. Kada ki tona mana asiri."

A nan ne kaɗai na yarda na yi laifi, kuma ina so a rubuta cewa da bakina na faɗa. Ya kamata in ɗauki ƙwallon in zauna a kanta har daɓen ya bushe. Kunya ta hana ni. Na dai gaya wa alƙaliyar wasa cewa sa hannuna ya faɗi, ta ce ita usur aka ba ta ba takarda ba. Na duba agogo, na rubuta lokacin a littafina, na koma gefe kusa da akwatin magani.

Aka busa usur. 'Yar tsakiyarmu, wata tsohuwar akawu mai jiki, ta yi tsalle ta cafe ƙwallo, ta dira da ƙafa biyu, ta kafe kamar yadda doka ta ce. Sai ta ci gaba da tafiya. A tsaye take ƙyam, ƙwallo a ƙirji, ido a waje, ba ta ɗaga ƙafa ko ɗaya ba, amma ta wuce mutum biyu tana sallallami. Alƙaliya ta sa usur a baki ta cire, ta sake sawa. Baƙi suka ce ta yi tafiya da ƙwallo. Namu suka ce ƙafa ba ta motsa ba, filin ne ya kai ta. Ana wannan musu kyaftin ɗin Unguwar Kanawa ta taho da sauri don ta faɗi nata, sai ta zauna daɓas a tsakiyar fili. Ta ɗaga tafin hannu ta duba, ta haɗa yatsu ta raba, wani zare ya biyo. Ta shinshina.

Ta ce, "Matan Malali, ina tuwon? Kun zuba mana miya ba tuwo."

Aka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma ban tsira ba. Da a nan aka tsaya, da abin ya zama labarin da za mu riƙa ba jikoki. Amma aka ce a ci gaba a hankali, kuma Sista ba ta san a hankali ba idan ta ga zobe. Ƙwallo ta zo mata a sama, ta miƙe ta cafe, ta dira, ƙafafun suka yi gaba, ita ta yi baya, ta tare da hannun dama. Ƙarar da ta yi ta kashe dariyar.

Targaɗe ne a wuyan hannu, Allah ya taƙaita. Ni na ɗaure mata, tana kwance tana ba ni umarni. "Ba haka ba, ki zagayo ta bayan babban yatsa. Sakatariya, fayil kike ɗaurewa?" Da na gama ta dube ni, ta ce a hankali, "Kuɓewar ce ko?" Na ce, "Daddawa ce."

Daidai lokacin hedimasta ya shigo. Ya ga mace a ƙasa, ya ga bandeji, ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda ya karanta, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Hajiya, wannan ba sa hannunki ba ne?"

Na ce nawa ne, amma na roƙe shi ya karanta layin ƙasa. Ya miƙo mini. Babu layin ƙasa. An ɗauki hoton doguwar takardata a kan gajera, sa hannuna ya tsira da kyar a bakin gefe, sharaɗin kuwa ya faɗa waje. Ya karɓi makullai biyun, ya ce ya gode da zumunci, ya rufe ƙofar da kansa.

Bayan kwana uku aka kira taro a gidan Uwar Ƙungiya. Aka ce tun da maganar ta shafe ni, wata za ta ɗauki bayanin taron. Ina zaune aka rubuta cewa raunin ya faru ne saboda sakaci wajen duba fili. Na miƙe da kwafin kabon a hannu. Na tambayi inda takardar asali take, Uwar Ƙungiya ta ce ta bar ta a shagon, ko a keke, ba ta tuna ba. Na ce to a karanta kabon.

Ta ce, "Sakatariya, a bar kaza cikin gashinta. Duk mu ɗaya ne. Wa zai yi mana addu'ar rufewa?"

Ban taɓa ganin an rufe taro da sauri irin wannan ba. Wata Hajiya ta yi addu'a, tana shafawa wata Mama ta ɗora tata cikin sunan Yesu, don kada a bar ko 'yar kafa tsakanin amin da amin da zan iya sa baki. Kafin in buɗe ido an fara raba zoɓo. Sista ba ta zo ba, hannu yana rataye.

Na je wurin hedimasta da kabon. Ya karɓe ni da girmamawa, ya karanta, ya ce, "Hajiya, ban ƙaryata ki ba. Amma wannan a hannunki ya kwana. Ni abin da ƙungiya ta kawo mini na sani, da abin da ta rubuta a taronta. Ku gyara can, sai in ga batun makulli." Ban ga laifinsa ba, da ni ce a kujerarsa haka zan faɗa. Sai dai ina fitowa idona ya faɗa kan wata leda a ƙarƙashin teburinsa, irin wadda Uwar Ƙungiya ke rabon kuɓewa a ciki. Ban buɗe ba, saboda haka ban ce komai ba.

Magana kuwa ba ta zauna a Malali ba. A wani taron suna a Unguwar Shanu, wata da muka yi aiki ofis ɗaya ta riƙe mini hannu a gaban mutane, ta ce, "Ashe abin da gwamnati ta kasa ba ki shekara talatin da biyar, 'yan ƙwallo sun ba ki?" Na yi murmushi, na ci abincina. A keke, a hanyar gida, na gane ban ji ɗanɗanon komai ba.

Akwai abu ɗaya kuma da gaskiya ta wajabta in bayyana. Da na sauko da Shaida ta Ɗaya don in shirya wannan ƙorafi, na tarar ta ragu da rabi. Na tambayi maigidana. Ya ce ranar da na je Zariya gaisuwa ya sa aka kaɗa, kuma tuwon da na dawo na ci har na nemi ƙari, da ita ne. Na tuna miyar. Ba zan yi wa Uwar Ƙungiya ƙarya ba ko muna cikin shari'a: ban ci kuɓewa mai kyau irin wannan ba a Kaduna.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina gabatar wa babban taron ƙungiya wannan roƙo.

A kafa kwamitin bincike na mutum uku waɗanda ba su ci kuɓewar ba. Na san babu irinsu a cikinmu, har da ni, don haka ina ba da shawarar a aro su daga Unguwar Kanawa, kyaftin ɗinsu ta shugabanta, tun da ta riga ta duba shaidar da hannunta. A ajiye kwafin kabon nawa kusa da kwafin da aka kai wa hedimasta, a auna tsawonsu da rula, a kira Sista ta faɗi abin da ta tambaye ni tana kwance. Idan har yanzu akwai mai shakka, a roƙi hedimasta aron makulli na rabin awa, a zuba bokiti ɗaya a daɓen, waɗanda suka ɗaga hannu su takwas su tsallaka shi bi da bi, babba a gaba. Zan zo da akwatin magani.

Idan binciken ya tabbatar da abin da na faɗa, a mayar da haɗari na bakwai cikin jeri da lambarsa, a wanke daɓen da sabulu da burushi, a samo wa Yaya buhunan shanya. Ban nemi a sauke kowa ba, ban kuma nemi a daina aiko mini da rabona ba. Abin da na nema shi ne a ja layi a kan kalmar sakaci a littafin taro, a gaban kowa, da jan biro, a rubuta dalili a gefe, Uwar Ƙungiya ta sa hannu, a aika wa hedimasta kwafi a kan doguwar takarda. Laifin kunyar da ta hana ni zama a kan ƙwallo kuwa, a rubuta shi da sunana, zan sa hannu a ƙasa.

Ina jiran amsa a rubuce.